Baitin da Kaka Ta Ɓoye

Salamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Masu cewa rubutuna ya cika gajarta, yau kun samu. Masu cewa Mashkura ba ta iya ba da labari sai ta wanke kanta tas, ku ma ku matso kusa, yau ban zo da sabulu ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni 'yar Wurno ce, shekarata ashirin da huɗu, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare da ke bayan kasuwa. Ciwona guda ne tun ina ƙarama, son a ce na iya waƙa. Shi ya kai ni inda za ku ji.

Ranar Laraba da hantsi, muna cikin hutun makaranta, ina tsakar gida ina tankaɗen garin gero, sai wayata ta yi ƙara a kan turmi. Hannuna duk gari, da bayan yatsa na buɗe saƙon. Malam Bilyaminu ne.

"Malama Mashkura, barka da hantsi. Na gama tahamisin waƙarki, saura baitin rufewa da kinka hana ni. Asabar in Allah ya yarda ina Goronyo gaida Kaka. An ce tana son waƙoƙin da, don haka da waƙarki za ni gaishe ta."

Na karanta sau uku. Rariya ta suɓuce mini, gari ya watse, kaji suka taso kamar an gayyace su.

"Ke, mi yas same ki?" in ji Inna daga bakin murhu. "Asabar ɗin dai tana nan ko? Kada ki zo muna da wani labari."

"Tana nan, Inna."

"To, Allah shi sa. Wata bakwai ke nan mutanen Abdulgafar na jiran ƙanwarki, Babanku ya ce ba a tsallake babba. Sa'adiyya ba ta magana, amma ina ganin idonta. Kowa kinka kawo sai ki ce ba shi da zance. Ga mai zance Allah ya kawo, ki riƙe shi hannu biyu."

Na ce to, na durƙusa ina kwashe gari da ƙasa-ƙasa. A gidanmu ba a karɓar magabatan kowane namiji sai Kaka Kulu, mahaifiyar Babanmu da ke Goronyo, ta gan shi da idonta ta ce ya yi. Asabar ɗin nan ita ce ranar ganin. Abin da Inna ba ta sani ba, waƙar da Malam zai gaida Kaka da ita ba tawa ba ce. Daga ɗakin Kakar na ɗauko ta.

Bari in koma baya kaɗan.

Muna da wani zaure a WhatsApp, Zauren Masu Koyon Alƙalami, mun fi mutum ɗari biyu. Litinin ranar gajerun labarai ce, Talata ta waƙa, kowa ya turo nasa a gyara masa. Alhamis kuma a ɗauko waƙoƙin mutanen da, na wa'azi da na bege, wani ya rera baiti da murya, a zauna a warware shi kalma-kalma. Mai gyaran waƙa a zauren shi ne Malam Bilyaminu, ɗan Tursa, yana koyar da Hausa a wata sakandare a Rabah. Bawan Allahn nan bai iya yabon ƙarya ba, ko da kuwa kai ka saya masa data.

Waƙar da na fara turawa, har yau ina jin kunyarta:

Zuciyata waya ce da ba ta da caji,
Kai ne wutar da nake jira a kawo.

'Yan mata suka yi ta turo mini jajayen zuciyoyi, ina ta murmushi ni kaɗai a ɗaki. Can sai ga nasa. "Malama, ma'ana ta fito. Amma kari ya yi tuntuɓe sau uku, amsa-amo kuma kowane layi da inda ya nufa. Ki riƙa rera waƙa da baki kafin ki turo." A gaban mutum ɗari biyu, jama'a. Na sake turo wata, ya ce ta fi ta farko amma ƙafarta ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na turo ta uku, ya ce in rage gaggawa. Ranar ko abincin rana ban ci ba, na yi rantsuwa a raina sai na rufe bakin mutumin nan.

A hutun da ya biyo baya na je Goronyo. Kaka ita ta koya mini ajami tun ina 'yar shekara bakwai, kuma tun da idonta ya yi rauni, ni ke karanta mata takardun da ke cikin gafakar marigayi Malam, kakanmu. Bayan azahar take shimfiɗa tabarma a rumfa, in ɗauko waƙa in rera, tana gyara mini kari da kaɗa carbi. Wata rana ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta, ina jera takardun, sai na ga wasu guda biyu a can ƙasa, rubutunsu ƙanana, ba irin hannun Malam ba. Na karanta baitin farko, tsigar jikina ta tashi.

Na share ɗaki na shimfiɗa tabarma,
Na tuna mai zamanta ba shi dawowa.

Na ɗebi ruwan alwala na aje ƙofa,
Buta ta yini babu mai taɓawa.

Baiti goma sha ɗaya ne, duk haka. Kun san waƙar mutanen da ba ta cika sai mai ita ya faɗi sunansa a baitin ƙarshe, ya roƙi addu'ar masu ji. Na duba, wannan ba ta da takardar ƙarshe, ta yanke ne kawai. Sai na ce wa kaina ai shi ke nan, tsohuwar waƙa ce da aka kwafo, mai ita ya daɗe a ƙasa, ba suna, ba magada. Ban tambayi Kaka ba. In gaya muku gaskiya, ban tambaya ba ne don kada a ba ni amsar da za ta hana ni. Na ɗauki hotonsu a waya, na mayar da su inda suke.

Talatar da ta zagayo na juya ta zuwa boko na tura zaure, na rubuta a ƙasa: daga alƙalamin Mashkura.

Zaure ya ɗauka. Malam Bilyaminu kuwa shiru, yini guda bai ce komai ba. Washegari sai ga saƙonsa ni kaɗai. "Malama, ki gafarce ni. Na nemi inda zan sa jan biro na rasa." Wallahi daɗin da na ji ranar, ko albashin farko bai ba ni irinsa ba.

Daga nan zance ya buɗe. Yau ya turo mini baitin wata tsohuwar waƙa ya ce mi na fahimta, gobe in turo masa labarin 'yan ajina ya yi ta dariya. Wata biyar muna haka. Sau biyu ya zo Wurno zance, dogo, siriri, da tabarau, jan biro a aljihun gaba ko a ranar Juma'a. Yana sauraren mutum har ya gama magana, abin da ban saba gani ba wurin samari. Na shiga zauren nan don in rufe masa baki, na ƙare ina duba waya tun kafin in wanke fuska. Ina son shi, ba sai an ja zance ba.

A zuwansa na biyu ne, muna zaure, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga ya ce, "Kin san mi yaj ja ni? Wadda ba ta taɓa aure ba, amma ta iya jin zahin ɗakin da mai shi yat tahi haka, ita ni ka so ta riƙe mini gida."

Na sunkuyar da kai, ya ɗauka kunya ce. Ita ce, amma ba irin wadda yake zato ba.

Sai kuma ya ce zai yi mata tahamisi. Ga waɗanda ba su sani ba, shi ne mutum ya ɗauki waƙar wani mai layi biyu-biyu, ya ɗora layi uku nasa a kan kowane baiti su zama biyar. Mutanen da ba sa yi wa waƙa haka sai sun girmama mai ita. Tun daga ranar yake bina da baitin rufewa, wai tahamisi ba ya tsayawa sai an san sunan mai asali a cikin waƙar kanta. Yau in ce ban natsu ba, gobe in ce ba wuta wayata ta mutu.

To, ga Laraba, ga Asabar ta taho.

Yinin ranar ban zauna wuri ɗaya ba. Na shiga ɗaki, na fito, na wanke kwanonin da Sa'adiyya ta riga ta wanke. Na rubuta masa, "Malam, akwai maganar da ya kamata ka sani," na goge. Na rubuta, "Kaka ba ta jin daɗi, a ɗaga," na tuna Baba zai buga mata waya, na goge. Ranar Alhamis na zauna da littafi na ƙirƙiro baitin rufewa da kaina, na sa sunana a ciki, na rera shi da baki har sau goma kamar yadda yake cewa, na tura.

Minti biyu bai yi ba ya amsa. "Wanga bai yi kama da 'yan uwanai ba. Kamar ba uwa ɗaya ta haihe su ba. Ki natsu, kin iya."

Na kifa wayar a kan katifa. Kamar ba uwa ɗaya ba. Mutumin nan kunnensa ne zai kashe ni.

A nan shaiɗan ya ba ni shawara ta biyu, kuma na karɓa. Na ce ai takardar ƙarshen nan tana wani wuri a ɗakin Kaka. In na same ta, in cire sunan mai ita in sa nawa, a wuce wurin. Kaka kuwa takardun gafaka sun fi ɗari, ina za ta tuna guda biyu da ba ta taɓa sa ni karantawa ba? Na ce wa Inna zan tafi tun Juma'a in taya Kaka gyaran gida. Inna ta ji daɗi har ta ba ni sabon mayafinta ruwan zuma, ta ce in sa da atamfata mai ganyen kore.

Motar Goronyo ta cika da buhunan albasa, muka tafi muna hawaye ba mutuwa. Zafin bazara ya dafa mu. Na iske Kaka a rumfa tana tsinkar zogale, 'yar gajeruwa, farin gashi ya leƙo ta ƙarƙashin kallabi.

"A'a, ƙawata ta iso. Tun yau? Lalle wanga ya shiga rai. Aje kayanki ki sha hura, kin yi baƙi kamar kin kwana gona."

Bayan an sauko Juma'a ta ɗauki sandarta ta tafi duba wata maƙwabciya da ba ta da lafiya. Ƙafarta na fita na faɗa ɗakin. Na zazzage gafaka, takardun nan biyu na nan, ta ukun babu. Na ɗaga katifar gadon ƙarfe, na duba akwatin tufafi, har cikin matashi na laluba. Gumi na zuba, kunnena na ƙofa. Sai idona ya kai kan jeren kwallayenta, waɗanda tun muna yara aka hana mu taɓawa. Na hau kujera na sauko da 'yar ƙaramar ta can sama. Wani tsohon farin ƙyalle ne a ciki, a naɗe, yana ƙanshin turaren wuta. A tsakiyarsa takardar take.

Hannu ɗaya ne da waɗancan biyun, tawada ɗaya. Baiti ɗaya tak.

Ba zan rubuta muku shi ba. Na yi sata sau ɗaya, ta ishe ni. Abin da zan iya faɗa shi ne, mai waƙar ta faɗi sunanta, Kulu. Ta ce tana cikin takaba ta yi ta. Sannan ta kira sunan wanda ta yi wa, sunansa na yanka, ta roƙi Allah ya sada su.

Ku da ba ku san Kaka ba, ba za ku gane abin da na gani ba. Sunan kakanmu Maccido, ni jika ina iya faɗa. Ita kuwa tun ranar da aka kai ta ɗakinsa ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Malam take cewa. Akwai mai shago a bakin titinsu da ke da sunan, shekara da shekaru "mai sunan Malam" take kiransa. Ko a asibiti da aka tambaye ta sunan miji, Baba ta waiwaya ta kalla ya faɗa. Wannan matar ce ta zauna cikin takaba, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ta rubuta sunan da hannunta, ta raba takardar da 'yan uwanta, ta ɓoye a inda ba mai kaiwa.

Ni kuma na ɗauki sauran na watsa wa mutum ɗari biyu don wani ya ce ƙafar waƙata ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Na naɗe ƙyallen yadda na same shi, na mayar. Da ta dawo na zauna kusa da ita na ce, "Kaka, ina da magana."

"Na sani," in ji ta tana dariya. "Kina tsoron in ce bai yi ba. In dai shina salla kuma ba shi da rowa, ba ni hana ki. Tashi ki jiƙa muna tsamiya."

Na tashi na jiƙa tsamiya. Sau uku na buɗe baki kafin magariba, sau uku na rufe.

Asabar bayan azahar na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Na leƙa ta jikin zana. Shadda ruwan toka, hula ta zauna daidai, jan biro na nan a aljihu, da wasu takardu a naɗe a hannunsa. Ina ganin takardun na san tahamisin ne. Abokinsa da suka zo tare ya tsaya a zaure, shi aka yi masa iso har rumfa. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya aje ledar goro da dabino da kwalbar turare.

"Kai na mai son ƙwace mini ƙawa?" in ji Kaka. "Zamna in gan ka da kyau. Ba a dahwa abinci Rabah na, ko karatu ka cinye ka?"

Ya yi dariya ya ce karatun ne. Na kawo fura da ruwan sanyi, na koma gefe na zauna a bakin tabarma, mayafin Inna ya rufe mini rabin fuska. Ta tambaye shi iyayensa, ta tambayi gonarsu ta Tursa, ta gano har ta san wata goggonsa. Hira ta yi daɗi, har na fara roƙon Allah ya mantar da shi. Ina. Malamin makaranta ba ya manta abin da ya shirya.

"Kaka, an ce mini kina son waƙa. Na zo da wata 'yar tsaraba, in kin yarda."

"Bismilla. Kunnena bai tsuhwa ba, ido ɗai na."

Ya warware takarda, ya gyara murya. Muryarsa na da daɗi, ban taɓa jin ya rera a gabana ba sai ranar.

Hantsi ya yi, rana ta hau sama,
Gida ya yi shiru babu mai sallama,
Na rasa abin yi, hannuna na kyarma,
Na share ɗaki na shimfiɗa tabarma,
Na tuna mai zamanta ba shi dawowa.

A layi ukun farko Kaka na kaɗa kai, carbi na tafiya. Da ya shiga na huɗu carbin ya tsaya. Shi idonsa na kan takarda, bai gani ba. Ni na gani. Da ya kai wurin buta, leɓenta na motsi, tana riga shi isa kowace kalma ba tare da sauti ba. Haka ya bi baiti goma sha ɗayan nan, ni kuma ina ƙirga su kamar mai ƙirga bulala.

Ya gama, ya ɗago yana murmushi. Kaka ta aje carbi ta tambaye shi.

"Wa yay yi ta?"

"Layi uku-ukun nawa na, Kaka. Asalin waƙa kuwa ta Mashkura ta."

"Mutum nawa sunka ji ta?"

"Ai ta yi nisa," in ji shi, da alfahari, bawan Allah. "Mun hi ɗari biyu a zaurenmu. Wasu sun rera sun watsa. Shekaranjiya har wani ɗan kabu-kabu na ishe shina saurarenta a tashar Rabah."

Kaka ta juyo ta dube ni. Idon nan da muke cewa ba ya gani, ranar ya gan ni har ciki. Na jira ta faɗa. Wallahi na fi son ta faɗa.

"Ta yi ƙoƙari," in ji ta a hankali. "Jikata ta. Ga hannuna tak koyi karatu."

"Saura baitin ruhewa, Kaka, ta hana ni. Ki sa baki."

"Ba kowace waƙa aka ruhewa gaban mutane ba, ɗana. Ka bar mata." Ta kai bakin mayafi ta goge ido. "Hayaƙin ga ya dame ni."

Ba a hura wuta a gidan ba tun safe.

Kun ga, da ta tona ni, da na ce an tona ni. Amma tsohuwar nan ta ɗauki abu guda da ta ɓoye shekara talatin da ɗaya ta miƙa mini a gaban baƙo, don kada aurena ya lalace. Ta ba ni hanya a buɗe. In na yi shiru, sati mai zuwa magabatansa na Wurno, Inna ta huta, Sa'adiyya ta huta. Na duba hanyar nan da kyau, ba zan ce ban duba ba. Sai na ji ba zan iya shiga ɗakin mutum da kukan kakata a matsayin kayan ɗaki ba.

"Malam," na ce, muryata kamar ba tawa ba. "Ba tawa ba ta."

Ya juyo.

"Ta Kaka ta. Ita tay yi ta sa'ad da Malam kakanmu yar rasu. Cikin gahwaka na ishe ta, na ɗauki hoto, na sa sunana. Ba ta sani ba sai yanzu. Na yi ne don ka bar gyara ni gaban mutane."

"Ke, yi shiru," in ji Kaka.

"Ba ni yi, Kaka. Ko harahi ɗaya babu nawa ciki."

Malam Bilyaminu ya cire tabarau, ya mayar. Ya dubi takardun hannunsa kamar yau ya fara ganinsu, ya naɗe su a hankali. Sannan ya matsa gaban Kaka ya durƙusa, ya aje su a gefen tabarmarta.

"Kaka, ki yahe mini. Na shiga ɗakin da ba a yi mini iso ba."

"Ba ka da laihi, ɗana. Layukanka sun yi kyau. Sun zamna da nawa kamar sun san juna."

Ya yi godiya, ya yi sallama. Ni ko inda nake bai duba ba. Na ji tashin babur, na ji ƙararsa na raguwa har ta ɓace wajen hanyar kasuwa. Furar da na dama tana nan, ko rabi bai sha ba.

Na rarrafa wurin Kaka na kifa kai a cinyarta ina kuka. Ba ta ture ni ba, ba ta kuma dafa ni ba. Can ta ce, "Kin taɓa kwallata."

"Na taɓa."

"Na ga murhin kwallar bai zamna daidai ba tun jiya." Ta gyara zama. "Shi wanda anka yi ma waƙag ga bai ji ta ba, Mashkura. 'Yan kabu-kabu sun ji."

Duk zagin da aka taɓa yi mini a duniya bai kai wannan ba, kuma ko murya ba ta ɗaga ba.

"Miji ana samun wani," ta ci gaba. "In wanga na rabonki, shina dawowa. Ki tahi ki hwaɗa ma mutanenku ba taki ba ta, tunda an ji waƙa a ji mai ita. Amma na ƙarshen nawa na. Ranar da anka ɗauke ni, ki sa wuta ki ƙone shi da hannunki."

Shi ya sa kuke karanta wannan. 'Yan Zauren Masu Koyon Alƙalami da ke nan, duk wanda ya tura waƙar nan wani wuri da sunana, ya bi ta ya gyara. Ta Kulu ce, matar marigayi Malam, ta Goronyo.

Gab da magariba wayata ta yi ƙara. Na kusa faɗawa cikin randa wajen ɗauko ta.

"Na iso Rabah lafiya. Tambaya ɗaya gare ni. Cikin duk abin da kinka turo mini wata biyar, wane na naki?"

Na zauna a bakin rijiya na bi saƙonninmu tun daga farko. Labaran 'yan ajina nawa ne. Dariyar tawa ce. Tambayar ko ya ci abinci tawa ce, amma ta yaya ake tura wa mutum wannan a matsayin shaida? Na yi ta jan allo sama har na kai kan waƙar nan ta waya da caji, mai tuntuɓe uku, da gyaransa a ƙarƙashinta. Na kwafo ta yadda take, ban taɓa ko layi ɗaya ba, na tura masa. Na ƙara da cewa, "Wagga ita ta tawa. Da wadda ke duba waya tun ba ta wanke huska ba."

Jiya ke nan. Yanzu hantsin Lahadi ne, ina rumfar Kaka ina rubuta muku. Ta sha furarta, ta ce in ɗauko gafaka mu yi karatu bayan azahar kamar kullum, amma tun safe ba ta ce mini ƙawata ba. Masu gyara, ga labari nan, wannan karon duk nawa ne, ku sa jan biro inda kuka ga dama.

Alamar saƙona ta yi shuɗi tun jiya. Inna ta kira sau huɗu ban ɗauka ba, don ban san abin da zan ce mata ba. A ƙarƙashin sunansa kuma an nuna yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Mutumin da minti biyu ke isarsa ya gano inda waƙa ta karye.